IDAN BIRNI YA TASO WA GONA: BINCIKEN MUHALLI DA HAƘƘIN JAMA'A NA FAƊIN RA'AYINSU

Duk wanda ya manyanta a ƙasar nan ya ga yadda birane ke haɗiye ƙauyuka. Hotoro da Sharaɗa da Ɗorayi, waɗanda yau unguwanni ne na Kano, a da gonaki ne da 'yan ƙauyuka a bayan ganuwa. Wuse da Garki da Maitama kuwa garuruwan Gbagyi ne kafin shekarar 1976, lokacin da Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zartar da gina sabon babban birnin ƙasa a Abuja. Haka abin yake a Legas da Ibadan da Inugu da Fatakwal. Jama'a na ƙaruwa, tilas ne a nemi wurin gidaje da kasuwanni da makarantu da masana'antu.

Faɗaɗar birni alheri ce idan an yi ta bisa tsari. Idan kuwa aka yi ta da gaggawa, ba tare da an dubi ƙasar ba, ba kuma tare da an ji ta bakin mazaunanta ba, to, ta kan zama sanadin ambaliya da cuta da husuma. Saboda haka ne doka ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya yi magana tun kafin a sa katafila a fili. Wannan ɗan littafi zai bayyana yadda damar take, da lokacin da ake amfani da ita.

DOKOKI BIYU DA YA KAMATA A RARRABE

Ta farko ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya. A Abuja kuwa ƙasar ta Gwamnatin Tarayya ce, Ministan Birnin Tarayya ke kula da ita. Dokar ta raba ƙasa gida biyu: ta birni, wadda ke ƙarƙashin Gwamna, da ta karkara, wadda Ƙaramar Hukuma ke lura da ita. Gwamna na da ikon ya ayyana wani yanki a matsayin ƙasar birni ta hanyar sanarwa a Gazet ɗin jiha. Haka nan yana da ikon karɓe fili daga hannun mai shi domin aikin da zai amfani jama'a, muddin an ba mai filin takardar sanarwa, an kuma biya shi diyya yadda doka ta tanada.

Ta biyu ita ce Dokar Binciken Tasirin Ayyuka a kan Muhalli, watau Doka ta 86 ta 1992. Ita ba diyya ta shafa ba. Abin da take tambaya shi ne: idan aka yi wannan aiki a wannan wuri, me zai sami ruwa da iska da ƙasa da itatuwa da lafiyar mutane? Ta hana ma'aikatun gwamnati da kamfanoni masu zaman kansu fara duk wani aiki mai babban tasiri sai an amsa wannan tambaya tun da wuri.

ABIN DA YA JAWO DOKAR

Ƙasar nan ba ta kafa wannan doka ba sai da ta sha wuya. A watan Agusta na 1980 Kogin Ogunpa ya yi ambaliya a Ibadan, ya ci rayuka da dukiya mai yawa. Cikin dalilan da suka tsananta ɓarnar akwai gine-ginen da aka yi a bakin kogin da sharar da ta toshe masa hanya. A Kano kuma, gurɓataccen ruwan majemu da sauran masana'antun Bompai da Sharaɗa da Calawa ya daɗe yana kwarara cikin rafukan da masu lambu ke ban ruwa da su.

Abin da ya fi tayar da hankali ya faru a 1988, sa'ad da aka gano dubban ganguna na shara mai guba, fiye da tan 3,000, da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin Jihar Delta ta yanzu. A wannan shekara Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, wadda aka fi sani da FEPA, sa'an nan dokar binciken muhalli ta biyo baya a 1992. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, ta gaji ayyukan waccan hukuma. Ita ce ke duba rahotannin bincike a yau, tare da ma'aikatun muhalli na jihohi.

AYYUKAN DA LALLE SAI AN YI MUSU BINCIKE

Wanda zai gina gidansa a fuloti ɗaya ba ya cikin wannan lissafi; nasa izinin gini ne daga hukumar tsara birane ta jiharsa. Amma doka ta jera manyan ayyuka waɗanda tilas ne a yi musu cikakken bincike. Ga kaɗan daga waɗanda suka shafi faɗaɗa birni:

1. Gina sabon gari.
2. Rukunin gidaje da zai ci hekta 50 ko fiye.
3. Unguwar matsakaita da manyan masana'antu mai faɗin hekta 50 ko fiye.
4. Manyan hanyoyin mota na ƙasa.
5. Filin jirgin sama mai titin sauka na mita 2,500 ko fiye.
6. Cike gaɓar teku da ya kai hekta 50 ko fiye domin a sami fili.

Hekta ɗaya ta kai kusan eka biyu da rabi. Ashe ke nan hekta 50 ta haura eka 120, watau gonakin magidanta da dama.

YADDA AKE GUDANAR DA BINCIKEN

Da farko mai aikin, ko kamfani ne ko ma'aikatar gwamnati, zai miƙa wa Ma'aikatar Muhalli bayanin abin da yake nufin yi. Ma'aikata za ta tura jami'ai su ga wurin, ta kuma yanke irin zurfin binciken da ake bukata. Daga nan sai a zauna a tsayar da abubuwan da za a bincika. A wannan mataki ake kiran taron farko na mutanen wurin, kuma taro ne mai muhimmanci ƙwarai, domin abin da ba a sa cikin jerin bincike ba, da wuya ya fito cikin rahoto.

Bayan haka masanan da mai aikin ya ɗauka za su shiga fili. Za su ɗebi ruwan rijiya da na rafi da ƙasar noma su gwada, su auna iska, su dubi inda ruwan sama ke bi, su kuma yi hira da mazauna wurin game da sana'o'insu da lafiyarsu. Doka ta ce rahoton da za su rubuta ya ƙunshi bayanin aikin, da halin da wurin ke ciki, da illolin da ake tsammani na kusa da na nesa, da hanyoyin rage su, da kuma wasu hanyoyin da za a iya bi maimakon wadda aka zaɓa. Ta kuma ce a haɗa da taƙaitaccen bayani cikin harshe mai sauƙi, domin wanda ba masani ba.

Idan rahoto ya iso Ma'aikata, sai a baje shi ga jama'a har tsawon kwanakin aiki 21. A kan ajiye kofe a ofishin Ma'aikatar, da ma'aikatar muhalli ta jiha, da sakatariyar Ƙaramar Hukumar da aikin ya shafa, a kuma sanar a jaridu da rediyo. Sanarwar za ta faɗi inda za a ga rahoton, da adireshin da za a aika da ra'ayi, da ranar rufewa. Ga manyan ayyuka a kan naɗa kwamitin masana ya zauna a bainar jama'a, mai aikin ya yi bayani, mutane su yi masa tambayoyi. Sai bayan wannan Ma'aikata za ta yanke shawara: ko ta amince, ko ta ce a gyara, ko ta ƙi. Doka ta ce shawarar ta kasance a rubuce tare da dalilanta, kuma duk mai bukata yana iya ganinta.

DON ME AKE BUKATAR BAKIN JAMA'A?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masanin da ya zo daga nesa yana da na'ura da taswira, amma 'yan makonni zai yi ya koma. Idan da rani ya zo, zai ga busasshen kwari ya rubuta shi a matsayin fili mai kyau, alhali dattijon da aka haifa a wurin ya san a cikin watan Agusta ruwa ke kai wa mutum ƙirji a nan. Makiyayi ya san inda burtali ya bi, da mashayar da shanu ke sauka. Matan gari sun san rijiyar da ba ta ƙafewa da dajin da ake samun itace da magani. Liman da mai unguwa sun san tsohuwar maƙabartar da ciyawa ta rufe.

A dubi kududdufi, alal misali. Mai awon fuloti yana ganinsa rami ne da za a cike a sayar. Amma a tsofaffin biranenmu kududdufi ne ke karɓar ruwan unguwa duka. In aka cike shi ba tare da an gina magudanar da za ta maye gurbinsa ba, ruwan ba zai fasa zuwa ba, sai dai ya nemi ɗakunan mutane. Haka fadama take: tana shanye ruwan damina, tana kuma ciyar da birni da kayan miya da rani. Irin waɗannan abubuwa, in an faɗe su a kan lokaci, su kan sa a karkatar da titi, ko a bar hanyar ruwa, ko a keɓe wa maƙabarta shinge, ko ma a sake wa aikin wuri.

YADDA ZA KA GABATAR DA RA'AYINKA

Da zarar ka ga safiyo na kafa turakun awo a yankinku, ka tambayi mai unguwa ko dagaci ko Ƙaramar Hukuma wane aiki ne, wa kuma ke da shi. Ka riƙa sauraron sanarwar rediyo. In an baje rahoto, ka je ka duba. In ba ka jin Turanci, ka tafi da malamin makaranta ko ɗanka mai ilmi ya karanta maka taƙaitaccen bayanin.

Ka sa maganarka a rubuce. Ƙorafin da aka yi a gindin bishiya ba ya isa ofis. Ka faɗi sunan wurin, da abin da kake tsoro, da dalilinka, da shekarar da abin ya taɓa faruwa in ka tuna, kana ka faɗi gyaran da kake so. Takardar da ta ce, "Ruwan unguwarmu ta gabashin filin yake bi, muna roƙon a gina kwalbati a nan," ta fi wadda ta ce, "Ba mu yarda ba," amfani nesa ba kusa ba. Ku haɗu ku sa hannu a matsayin ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa ko ta mata, ku miƙa kafin ranar rufewa, ku riƙe kofe mai hatimin wanda ya karɓa.

A lura, doka ba ta tambayi asalin mutum ba. Bahaushen da ke zaune a Sabo ta Ibadan ko a Agege ta Legas, da mai sayar da dabbobi a kara, suna da damar magana daidai da kowa idan aikin ya shafe su. Haka nan ɗan haya da mai aron gona.

BATUN DIYYA

Diyya hanyarta daban, ofishinta ma daban, watau ma'aikatar filaye ta jiha. Bisa Dokar 1978, abin da ake biya shi ne darajar abin da mutum ya yi a kan ƙasar, kamar gini da rijiya da amfanin gona da itatuwa masu amfani. Saboda haka ranar ƙirga kaya ka tsaya da kanka, kada ka wakilta wanda bai san yawan itatuwanka ba. In wurin zama ne aka karɓa, ana iya ba mutum wani matsuguni a madadin kuɗi. In kuwa an sami saɓani a kan yawan kuɗin, akwai Kwamitin Amfani da Ƙasa da Rabonta a kowace jiha, wanda doka ta ce a kai wa irin wannan ƙara. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Kuma karɓar diyya ba ta rufe wa mutum baki game da lafiyar muhallin da zai ci gaba da zama kusa da shi.

BAYAN AN BA DA IZINI

Izinin Ma'aikata ya kan zo da sharuɗɗa, kamar gina magudanai, da tace ruwan masana'anta kafin a sake shi, da dasa itatuwa, da yayyafa ruwa domin kwantar da ƙura. Jami'ai na zagayawa su duba, amma mazauna wurin su ne ke gani dare da rana. Wanda ya ga an karya sharaɗi, ko an fara babban aiki ba tare da bincike ba, sai ya kai rahoto ga ma'aikatar muhalli ta jiharsa, ko ga hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 domin tabbatar da bin dokokin muhalli. Doka ta tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa mata. Bai halatta ba kuwa wani ya tumɓuke turakun awo ko ya far wa ma'aikata. Wannan laifi ne, kuma yana raunana ƙorafin da ke da gaskiya.

KIRA GA JAMA'A

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Layin da ke kan takarda ana iya goge shi a sake; titin da aka shimfiɗa wa kwalta, da gidaje ɗari da aka gina a hanyar ruwa, gyaransu sai da rusau da hawaye. Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, da malaman addini da shugabannin ƙungiyoyi, su isar da wannan bayani ga mutanensu, su kuma tabbata an kira kowa idan za a yi taro, har da mata da makiyaya. Kwana 21 ba su da yawa. In sanarwa ta fito, a je a duba, a rubuta, a miƙa kafin a rufe.