Garejin jirgin sama: ƙofofi biyar kafin hukuma ta ba da izini

Ranar 11 ga watan Yuli 1991, wani jirgi samfurin DC-8 ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato. Jirgin na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, an yi hayarsa don aikin hajji da sunan Nigeria Airways. Tun bai bar ƙasa ba tayoyi biyu suka fashe, wuta ta kama, kuma da aka naɗe ƙafafun jirgin sai ta bi su har ciki. Matuƙin ya juyo, amma bai kai ga sauka ba. Mutum 261 da ke ciki babu wanda ya tsira. Bincike ya nuna cewa an auna tayoyin kwanaki kaɗan kafin nan, an ga iskarsu ta gaza, ba a cika ba, sa'annan aka sauya alƙaluman da ke bisa takarda.

Don kauce wa irin wannan masifa ne dokar duniya ta hana ko wane gareji taɓa jirgin fasinja sai da takardar amincewa daga hukumar jiragen sama ta ƙasa. Tushen dokar shi ne yarjejeniyar Shikago ta 7 ga Disamba 1944, wadda ta haifi ƙungiyar OACI mai mazauni a Montreal. A Nijar, hukumar ANAC da ke Yamai ita ke da wannan hurumi. ASECNA kuwa aikinta jagorancin jirage ne a sararin sama, babu ruwanta da izinin gyara.

Attajirin da ke sha'awar zuba dukiya a wannan fanni ya kamata ya san cewa ƙofofi biyar ne a gabansa, kuma ba a tsallake ko ɗaya.

Ta farko ita ce ganawa. Mai nema zai je ya bayyana niyyarsa: wane irin jirgi, wane irin aiki, a wane fili. Hukuma ta gaya masa abin da doka ta tanada. A nan ne zai gane ko jarinsa zai ɗauki nauyin, tun bai aza tubali ba.

Ta biyu ita ce ajiye dosiye. Ginshiƙinsa wani littafi ne da garejin ke rubutawa da kansa, inda yake fayyace yadda zai karɓi jirgi, ya sayi kayan gyara, ya horar da ma'aikata, ya adana takardu. Wajibi ne a ambaci sunan shugaba guda mai iko bisa kuɗin kamfanin, wanda zai sa hannu cewa alhaki na wuyansa. Wajibi ne kuma a naɗa mai sa ido kan ingancin aiki wanda ba ya ƙarƙashin shugaban makanikai, domin kada mai yi ya zama shi ne mai dubawa.

A ƙofa ta uku, sufetocin hukuma za su bi littafin shafi-shafi. Duk inda ya saɓa wa doka sai su maido shi a gyara. Wanda ya kwafo littafin wani gareji, a nan asirinsa ke tonuwa, don zai rubuta kayan aikin da ba shi da su.

Ta huɗu ita ce zuwa gani da ido. Sufetoci za su duba rumfar jirgi, ko tana kare aiki daga ƙura da hazon hunturu. Za su nemi shaidar cewa an daidaita ko wane ma'auni bisa lokaci, daga abin ɗaure noti har zuwa na awon iskar taya. A mangaza, ko wane kayan gyara sai da takardar asalinsa, kuma lalatattu a keɓe su ƙarƙashin kwaɗo don kada su koma jikin jirgi. Za su tabbatar littattafan maƙera jirgin na bugun ƙarshe ne. Daga bisani su binciki takardun makanikan da ke da ikon sa hannu cewa jirgi ya cancanci komawa sama. Wannan sa hannu shi ne zuciyar al'amarin baki ɗaya, shi ne kuma aka yi wa riƙon sakainar kashi a jirgin Jidda.

Ƙofa ta biyar ita ce ba da takarda. Amma takardar tana da iyaka: tana ambaton ko gangar jirgi ce, ko inji, ko ƙananan kaya, da kuma samfurin da aka yarda a taɓa. Wanda aka ba izinin ƙaramin jirgi mai farfela ba shi da ikon buɗe injin Boeing. Bayan haka bincike ba ya ƙarewa, kuma hukuma na iya dakatar da izinin ko ta janye shi.

Akwai wani batu da ya shafi kasuwa kai tsaye. Ƙasar da jirgi ya yi rajista a cikinta ita ke faɗin garejin da ta yarda da shi. Izinin ANAC ya shafi jirage masu lamba 5U, wato na Nijar. Mai son gyaran jirgin da ke da rajistar Faransa sai ya nemi amincewar hukumar Turai, EASA, bisa dokarta mai suna Part-145, wadda ke sake bincike gaba ɗaya aƙalla sau guda cikin wata 24. Garejin Ethiopian Airlines a Adis Ababa ya mallaki amincewar Turai da ta Amurka, shi ya sa kamfanonin wasu ƙasashe ke kai masa jiragensu suna biya da kuɗin waje.

Saboda haka ɗan kasuwa ya lissafa albashin ƙwararru da kuɗin horo tun kafin jirgi na farko ya shigo rumfarsa. Ma'aikacin hukuma kuma ya tuna cewa hatimin da zai buga ba alfarma ba ce da ake yi wa aboki ko babban mutum. Fasinjan da ya hau jirgi a filin Diori Hamani ba shi da halin duba taya. Ya dogara ne ga wanda ya sa hannu, da wanda ya ba shi izinin sa hannun.