Ƙuri'ar Ɗan Takara Na Uku: Asara Ce Ko Jari?

Daga Tamanrasat, ƙasar Aljeriya

Duk wanda ya taɓa kwana a masaukin fatake a nan Tamanrasat ya san cewa da zarar an sallame Isha'i, aka ɗora butar shayi kan gawayi, hira biyu ce ba ta ƙarewa: farashin dabba da siyasar gida. To kwanan baya gardama ta kaure tsakanin 'yan'uwanmu har shayi ya huce ba a sha ba. Abin da ya jawo ta kuwa shi ne wani ɗan'uwanmu Bakano ya ce in Allah Ya kai mu zaɓen Nijeriya na 2027 zai naɗe tabarmarsa ya tafi gida ya jefa wa ɗan takarar ƙaramar jam'iyya ƙuri'a, tunda dokar Nijeriya ba ta ba mazauna waje damar yin zaɓe a inda suke ba. Nan take aka yi masa caa, aka ce asarar kuɗin mota kawai zai yi. Daga nan zuwa Ingizam kaɗai kilomita wajen 400 ne, ga Asamaka, ga Arlit, ga Agadas, kafin a ce Damagaram balle Kano, duk don ya zaɓi mutumin da kowa ya san ba zai ci ba.

Ƙungiyarmu ba ta da jam'iyya, kuma ba mu zo mu ce wa kowa ga wanda zai zaɓa ba. Amma mu mutanen lissafi ne, don haka muka ga ya dace mu ɗora wannan magana a kan sikeli.

SIYASA TA SHA TAƁA ALJIHUNMU

Kada wani ya ce ina ruwan falke da siyasa. Dattawanmu ba su manta da 1984 ba, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya ana tsakiyar fari, ba a buɗe ba sai 1986. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, wanda ya kwana da kuɗi a jaka ya tashi da rabin ƙarfinsu. An sake rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa ana kai sa kara a rasa mai tsabar kuɗin biya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, iyakar ƙasashen biyu ta zauna a rufe har Maris 2024. Hatta cinikinmu na nan, na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, inda muke kawo raƙuma da tumaki da shanu mu karɓi dabino, da izinin hukuma yake tafiya. Dukkan waɗannan abubuwa a ofis aka sa musu hannu, mu kuwa a kara muka ji a jikinmu.

A NIJAR, NA UKU SHI NE DILLALI

Ga yadda abin ya gudana a Nijar a zamanin zaɓe. Ƙa'ida ita ce sai ɗan takara ya haura rabin ƙuri'u, in ba haka ba na ɗaya da na biyu su sake karawa. A zagayen farko na Fabrairun 1993, Tanja Mamadu na MNSD-Nasara ya sami kashi 34 cikin ɗari, Mahamman Usman na CDS-Rahama kashi 26 da ɗoriya, Mahamadu Isufu na PNDS-Tarayya kusan kashi 16, sai Adamu Mumuni Jarmakwai na ANDP-Zaman Lahiya kashi 15. Wanda ya duba wannan lissafi zai ce Tanja ya gama. Amma da na uku da na huɗu suka tattara jama'arsu suka bi Mahamman Usman a ƙarƙashin ƙawancen AFC, sai ga shi ya ci zagaye na biyu a watan Maris da kashi 54. Isufu ya zama Firayim Minista, Jarmakwai ya zama shugaban Majalisar Dokoki.

Haka aka maimaita a 1999. A wannan karo Mahamman Usman ne ya zo na uku da kashi 22 da rabi, tazarar da ke tsakaninsa da Isufu ba ta kai kashi ɗaya ba. Ya mara wa Tanja baya, Tanja ya ci da kusan kashi 60, shi kuma ya riƙe shugabancin Majalisa har 2009. A 2011 kuma Hama Amadu ya zo na uku da kusan kashi 20, ya bi Isufu, Isufu ya kayar da Seini Umaru da kashi 58, Hama ya hau kujerar Majalisa. Ko a Sanagal haka ta faru a 2000, inda Mustafa Niyas ya zo na uku, ya bi Abdullahi Wad, suka kawo ƙarshen mulkin Abdu Juf.

Kun ga ke nan na uku kamar dillali yake a kara. Sa ba nasa ba ne, kuɗi ba nasa ba ne, amma ba a sallamawa sai da bakinsa, kuma la'adarsa ba ta ciwon kai. Wanda ya ba shi ƙuri'a a zagayen farko bai yi asara ba, domin ya ƙara masa nauyi ranar da za a zauna ciniki, sa'an nan kuma ga zagaye na biyu yana jiransa ya sake zaɓe.

Sai dai a yi hattara, cinikin 'yan siyasa yana warwarewa. Ƙawancen 1993 bai cika shekara biyu ba, domin a Satumban 1994 Isufu ya ajiye muƙaminsa. 'Yan hamayya suka ci zaɓen Majalisa a Janairun 1995, Hama Amadu ya zama Firayim Minista, shi da Shugaban Ƙasa aka shiga zaman doya da manja, har Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su ranar 27 ga Janairun 1996. Hama da Isufu su ma sun raba gari a 2013. A Maris 2025 kuwa gwamnatin soja ta rusa jam'iyyun ƙasar baki ɗaya. Duk da haka darasin yana nan, ranar da aka dawo zaɓe zai yi amfani.

A NIJERIYA, KASUWA SAU ƊAYA TAKE CI

Tsarin Nijeriya daban yake. Wanda ya fi yawan ƙuri'u, kuma ya sami kashi 25 a kashi biyu bisa uku na jihohi, shi ya ci, ko da bai kai rabi ba. Doka ta tanadi zagaye na biyu, amma ba a taɓa kaiwa gare shi ba. Ku dubi 2023. Bola Tinubu ya sami ƙuri'u 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso 1,496,687. Ukun nan na baya duk a PDP suke kafin 2022, kuma in aka haɗa ƙuri'unsu sun haura miliyan 14 da rabi. Da yake kowa ya ja nasa garken daban, sai mai ƙasa da miliyan 9 ya ɗauke kujera. Wannan ita ce hujjar masu cewa asara ce, kuma a gaskiya hujja ce mai ƙarfi. A Amurka ma Ross Perot ya sami kashi 19 a 1992, amma ko jiha ɗaya bai ci ba.

Nan Aljeriya mu baƙi ne, ba ma sa baki a siyasar masu gida, amma muna da ido. Tun daga zaɓen Nuwamban 1995 da Liyamin Zarwal ya ci da kashi 61, har zuwa na Satumban 2024, ba a taɓa zuwa zagaye na biyu ba. Inda aka sallama tun a tayin farko, dillali ba shi da ta cewa.

TO ME ZAI SA MUTUM YA BI NA UKU?

Dalili na farko, fadar shugaban ƙasa ba ita kaɗai ce kujera ba. A 1979 Malam Aminu Kano ya zo na huɗu da kashi 10 kacal, amma jam'iyyarsa ta PRP ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, wato Abubakar Rimi da Balarabe Musa, kuma da hawansu suka sanar da soke haraji da jangali. Wanda ya taɓa ganin yadda ake korar garke cikin dare don gudun masu ƙirgar jangali ba zai ce waccan ƙuri'a ta tafi a banza ba. Haka a 2023 Kwankwaso jihar Kano kaɗai ya ci, amma NNPP ta ɗauki kujerar gwamna a zaɓen da ya biyo baya. Mu kuwa yawancin kuɗin da ake karɓa a hannunmu a kara da kan hanya, na jiha ne da na ƙaramar hukuma.

Dalili na biyu, ƙuri'ar na uku tana hana manya sakin jiki. A zaɓen nan na 1979, ƙuri'un da Kanawa suka ba Malam su suka hana Alhaji Shehu Shagari samun kashi 25 a Kano, ya tsaya a ƙasa da kashi 20. Daga nan aka shiga shari'ar nan ta jihohi 12 da biyu bisa uku, har Kotun Ƙoli. Yankin da aka tabbata aljihun wani yake, ba a zuwa lallashinsa. Wanda ake tsoron zai juya, shi ake kai wa gaisuwa.

Dalili na uku, ɗan maraƙin bana shi ne bijimin baɗi. A 2011 Buhari ya tsaya a sabuwar jam'iyyar CPC, ya sami ƙuri'u sama da miliyan 12, ya faɗi. Da waɗannan ƙuri'u a hannu ya shiga haɗakar da ta haifi APC a 2013, ya ci a 2015. Ba don an gan su a ƙirge ba, da babu mai zama ciniki da shi.

Dalili na huɗu na zuci ne. Akwai wanda ya duba manyan biyun ya ga babu wanda zai iya amince wa da amanar akuya ɗaya. Irin wannan mutum in ya zaɓi wanda hankalinsa ya kwanta da shi, ba mu da bakin zarginsa.

ZAI CI KUWA?

Mu faɗa wa juna gaskiya: a duk misalan da muka kawo babu inda na uku ya hau mulki a zaɓen da ya zo na uku. Duk ɗan kamfen da ya rantse maka cewa ɗan takarar da ba shi da wakilai a rumfunan zaɓe na rabin ƙasa zai shiga fada bana, to yana sayar maka da ramammiyar saniya ne a farashin kiwatacciya. Ga tambayoyi uku da mutum zai yi kafin ya yanki tikitin mota. Shin akwai zagaye na biyu, ko kasuwar sau ɗaya take ci? Shin jam'iyyar tana da 'yan takarar gwamna da na majalisa masu ƙarfi a yankinmu, ko mutum ɗaya ne da hotonsa? Shin in ya faɗi zai tsaya da jama'arsa, ko da asuba za a ji ya koma gidan da ya fito? In manyan biyun sun yi kankankan, kuma ɗayansu kana ganin cuta ce tsantsa ga sana'arka, to a tsarin Nijeriya sai ka yi tunani sau biyu.

KADA MU SALLAMA BA A TAYA BA

Babban kuskurenmu ba wajen zaɓen na ɗaya ko na uku yake ba. Abin mamaki ne a ce falken da zai wuni yana cewa albarka a kan jaka biyar, shi ne zai ba da ƙuri'arsa a kan hula da atamfa. A duk cinikin da aka ƙulla tsakanin zagayen farko da na biyu a Yamai, kujeru muka ga an raba. Ba mu ga ranar da aka fito aka ce ga abin da aka yanke wa masu dabbobi ba, kuma har da laifinmu, domin ba mu je da farashinmu ba.

Ɗan takara na uku ya fi manya buƙatarmu, saboda haka ya fi sauƙin zama da mu. Shawararmu ita ce kowane reshe, daga Wudil da Maigatari da Mai'aduwa da Illela har nan Tamanrasat, ya rubuta buƙatunsa tun kafin a fara kamfen. A rage shingayen da ake tsayar da motar dabbobi har dabba ta galabaita. A haɗe kuɗaɗen da ake karɓa su zama rasit ɗaya. A kare burtali da mashaya. A yi maganin ɓarayin shanu. In za a rufe iyaka ko a canja kuɗi, a ba da wa'adin da mai kaya a hanya zai isa gida. Duk ɗan takarar da ya zo neman mu, babba ko ƙarami, a miƙa masa takardar a gaban shaidu, a kuma tambaye shi ko zai tafi da ita ranar da zai zauna da wanda ya fi shi ƙuri'a.

Shi dai ɗan'uwanmu Bakano bai canja ra'ayi ba, ya ce zai je. Mun ce masa Allah Ya kiyaye hanya, amma kada ya tafi hannu rabbana, ya tsaya a rubuta takardar ya kai wa reshen Wudil.

Allah Ya zaɓa mana shugabanni masu tausayi, Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, Ya sa albarka a dukiyarmu, amin. Wassalam.