Haƙƙin Tsohuwar Mussa Idan Ta Daina Cin Abinci

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wata mata ta shiga wuta saboda mussa da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Imam Malik kuma ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa mussa ƙwaryar alwalarsa har ta sha. To, mu a nan Dakoro, wadda ta tsare mana rumbun hatsi daga ɓeraye, in ta tsufa tana amai, ta ƙi abinci, ina haƙƙinta?

Azumi kanmu ya wajaba, bai hau kanta ba. Mu ajiye mata ruwa mai tsabta a inuwa, domin amai da zafin garin nan suna saurin busar da jiki. Mu ba ta dafaffen nama marar ƙashi, kaɗan-kaɗan. Kada mu kuskura mu ba ta farasitamol. Guba ne ga mussa, yana kashe ta.

Sanadin yakan zama ciwon ƙoda, ko ruɓewar haƙori, ko tsutsar ciki, ko ɓeran da ya ci guba. In ta kwana biyu ba ta ci ba, hantarta na cikin haɗari, sai a nemi likitan dabbobi. In kuwa tana dalalar da miyau tana cizo, a nisanta yara, a kira shi nan take.