Hisabin 'Yan Karta a Teburan Intanet

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa wani fage da malamai suka daɗe da yanke hukunci a kansa, domin babu saɓani tsakanin mazhabobi cewa caca haramun ce. Amma da yake fahimtar yadda abu yake gudana daban ne da halatta shi, za mu dubi hisabin da gwanayen wasan kartar nan na Amurka, wato foka, suke yi a teburan intanet na ƙananan kuɗi, inda ake buɗe wasa da santi ɗaya da santi biyu.

A nau'in da ya fi yaɗuwa, wanda ake jinginawa ga jihar Teksas, ana raba wa kowa karta biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya sannu a hankali, kuma a kowane zagaye mutum yana iya zuba kuɗi, ko ya amsa zubin wani, ko ya janye ya bar abin da ya riga ya sa. Dalilan zubi biyu ne. Akwai burga, wadda mai raunin karta yake yi domin ya tsorata wanda ya fi shi ya gudu. Akwai kuma zubin neman riba, wanda mai kyakkyawar karta yake yi yana fatan wanda bai kai shi ba ya amsa.

Ƙa'idar wannan na biyun, a zagayen ƙarshe, gajeriya ce, ko da yake aiki da ita yana buƙatar basira. Gwani, bayan ya duba ƙarfin kartarsa, yakan tambayi kansa: idan na zuba aka amsa mini, wa zai amsa? In ya zuba dala 5 sau goma, aka amsa masa duka, shida daga masu amsawar ba su kai shi ba, huɗu sun fi shi, to ya ci 30, an ci shi 20, ya tsira da 10. In kuwa lamarin ya juye, shi ne da hasarar 10. Sharaɗin ke nan, cewa fiye da rabin masu amsawa su kasance ƙasa da shi, domin kartar da ta fi yawancin kartoci, amma babu mai amsa zubinta sai wanda ya fi ta, zuba kuɗi a kanta wauta ce tsagwaronta.

Masanin lissafin nan ɗan asalin Hangare, John von Neumann, shi da Oskar Morgenstern, a littafinsu na 1944 kan nazarin wasanni da tattalin arziki, sun tabbatar da hujjar lissafi cewa mai wasa na ƙwarai dole ya gauraya burga da zubi na haƙiƙa, saboda wanda aka san ba ya zubawa sai yana riƙe da abin kirki, ba zai sami mai amsa masa ba. Wannan hujja, sai dai, ta ginu ne bisa zaton abokin karawa mai hankali ne, mai lura. To, a nan teburan ƙananan kuɗi suka bambanta.

An fara wasan da kuɗi a intanet a 1998, a dandalin Planet Poker, amma cincirindon jama'a ya biyo bayan 2003 ne, shekarar da wani akanta daga jihar Tenesi, Chris Moneymaker, wanda ya sami gurbinsa ta wata 'yar gasa a PokerStars, ya lashe babbar gasar duniya a Las Begas, ya tafi da dala miliyan biyu da rabi. Sababbin shiga suka kwararo, kuma ɗabi'arsu mafi shahara ita ce ƙin janyewa: wani son ganin ƙwaƙwaf ne yake sa shi biya, wani kuwa yana ganin kuɗin bai taka kara ya karya ba, wani kuma girman kai ne, kada a ce an yi masa burga. Saboda haka nasihar da masana suke maimaitawa ita ce a rage burga, tunda ba a tsorata wanda ba ya gudu, a yawaita zubin riba ko da da matsakaiciyar karta, a kuma ƙara girmansa. Suna togace hali guda: idan irin wannan mutum mai yawan amsawa ya ɗaga zubi da kansa a zagayen ƙarshe, galibi da gaske yake, sai a bar masa.

A ra'ayinmu, abin lura a duk wannan hisabi shi ne inda ribar take fitowa, domin ba a noma ta, ba a ƙera ta. Daga aljihun wanda ya gaza haƙurin janyewa take tahowa. Kuma ko ita ba ta isa hannun gwani cikakkiya, saboda masu dandalin suna yankar la'ada, wajen kashi biyar cikin ɗari na kuɗin da aka tara a tsakiya, zuwa wani iyaka da suka ƙayyade, kuma da yake tarin ƙananan tebura ba safai yake kai wa wannan iyaka ba, a can ne la'adar ta fi nauyi a kan 'yan wasa.