3.2 Matakan Hukuma a Kan Magunguna Masu Tambarin Ƙarya

A sashen da ya gabata an bayyana ma'anar jabun magani. A nan kuwa za a dubi irin matakan da gwamnatin Nijeriya ta ɗauka a kan maganin da abin da aka rubuta a jikin kwalinsa ya saɓa wa abin da ke ciki, wato aka yi ƙarya game da sinadarinsa, ko ƙarfinsa, ko kamfanin da ya haɗa shi, ko ranar da zai daina aiki.

Tun a 1988 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 21 don hana wannan sana'a, amma ba ta yi wani tasiri ba. A 1990 yara fiye da 100 suka rasu a Jos da Ibadan bayan sun sha farasitamol na ruwa da aka haɗa da sinadarin diethylene glycol, wanda ke lalata ƙoda. Wannan masifa tana cikin abubuwan da suka kai ga kafa hukumar NAFDAC da doka mai lamba 15 ta 1993. Daga cikin ayyukanta akwai yi wa kowane magani rajista da ba shi lamba kafin ya shiga kasuwa.

Sai dai kafa hukuma daban, aiki daban. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Jamhuriyar Nijar, an gano cewa wasu alluran rigakafi da suka shiga daga Nijeriya, ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai, babu sinadarin rigakafi a cikinsu. An riga an yi wa dubban mutane kafin a ankara.

Aikin hukumar ya fi fitowa fili ne daga 2001 zuwa 2008, zamanin Dora Akunyili. An ƙona jabun magunguna a bainar jama'a, an kuma rufe babbar kasuwar magani ta Onitsha a 2007. Ita kanta an harbi motarta a Disambar 2003. Duk da haka, daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙori na yara mai suna My Pikin ya halaka yara 84, da sinadarin nan dai na 1990. A 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara 7 kowannensu.

A ganin mai wannan nazari, raunin ya fi yawa a ɓangaren hukunci. Dokar 1999 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, kuɗin da babban dillali ba zai ji ciwon biya ba. Bugu da ƙari, ita kanta lambar rajistar ana buga ta jabu. Wannan ne ya sa a 2010 aka ɓullo da tsarin kankare lambar sirri a jikin kwali, mai saye ya tura ta waya don tantancewa, tsarin da ya fi amfanar wanda ya iya karatu.