Na'ura Mai Basira Ta Doshi Aji: Ina Matsayin Ɗaliban Izom?

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun da ya taɓa bin hanyar Suleja zuwa Minna ya san garin Izom, a Ƙaramar Hukumar Gurara cikin ƙasar Sarkin Zazzau na Suleja, inda Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati take. Iyaye da yawa suna fatauci a Kurmi, amma 'ya'yansu suna gida a irin wannan makaranta, su kuwa sai aiken kuɗi. To, karatun da ake aika wa kuɗin nan ya soma sake kama.

Hukumar da ke tsara abin da za a koyar a makarantun Nijeriya ita ce NERDC, watau Majalisar Bincike da Raya Ilmi, wadda aka kafa a 1988, hedkwatarta kuwa tana Sheda cikin ƙasar Abuja. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta bayyana sabuwar manhaja, aka rage yawan darussa, aka kuma shigar da ilmin kwamfuta har da ƙirƙirarriyar basira, watau dabarar da ke sa na'ura ta karanta tambaya ta ba da amsa kamar mutum. Jarrabawa ma ta bi sahu. Tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta ɗungurungum, WAEC ta soma a 2024 da masu zana ta daga waje, a 2025 kuma Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya umarci WAEC da NECO, wadda hedkwatarta ke Minna, su ma su koma.

Shin na'urar tana koyarwa kuwa? An gwada. A watannin Yuni da Yuli na 2024 masu bincike na Bankin Duniya suka ɗauki ɗaliban makarantun sakandare a Birnin Binin, Jihar Edo, suka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya suka riƙa zama bayan an tashi makaranta, har mako 6, suna koyon Turanci da Microsoft Copilot, ɗaya kashin kuwa aka bar su da karatun da suka saba. Da aka yi musu jarrabawa sai na farko suka yi zarra, har masu binciken suka kwatanta ƙaruwar da ta kusan shekara 2 ta karatun aji. 'Yan mata, waɗanda da ma suke baya, sun ƙaru ƙwarai.

Amma fa akwai abin lura. Ba a bar yaran da na'ura su kaɗai ba. Malamai suna tsaye a kansu, su ne ke buɗe darasi, su kuma ja musu kunne cewa na'urar takan ƙaga abin da babu ta faɗe shi kamar gaskiya. Ashe ke nan riba ta fito ne inda malami da na'ura suka haɗu, ga ɗakin kwamfuta, ga wuta, ga intanet.

Nan ne gizo ke saƙar. Jihar Neja ce ke riƙe da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, duk da haka makarantun karkara da dama ba su samun tsayayyar wuta. Yaron da bai taɓa ɗora yatsa kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa yana iya sanin amsa sarai, lokaci ya ƙare masa wajen neman haruffa, ɗan birni ya wuce shi ba don ya fi shi kai ba.

Sai kuma batun harshe. A Satumba 2025 gwamnati ta ƙaddamar da N-ATLAS, na'ura mai basira da ke jin Hausa da Yarabanci da Ibo. Wannan ci gaba ne, sai dai Izom ƙasar Gwari ce, harshen Gbagyi kuwa ba ya cikin ukun. Na'ura ba ta iya harshe sai an tara mata rubutu da muryoyin masu shi, wannan kuwa aikin masu bincike ne da malaman wurin.

Saboda haka ya kamata magidanci in ya tashi aika kuɗin zango ya haɗa da tambaya: kwamfuta nawa ke aiki a makarantar, sau nawa ɗansa ke zama gabanta a mako, wa ke koya masa? Ƙungiyoyin 'yan Arewa na Agege da Idi Araba da Sabon Badun, waɗanda suka saba tara kuɗin ginin masallaci, suna iya haɗa hannu da ƙungiyoyin iyaye da malamai a gida su sa wutar rana a ɗakin kwamfuta guda. Tun ran gini ran zane. Allah ya sa a dace.