Tarin da Maigida Ke Ɓoyewa

Tun ranar kaciya ake fara koya wa yaro wannan darasi. Wanzami na aikinsa, manya na tsaye a kansa suna cewa: “Cije, namiji ba ya kuka.” In ya faɗi ya ƙuje gwiwa ya yi raki, sai a tambaye shi ko shi mace ne. Yaron nan shi ne ya girma ya zama kai, maigida, mai safarar kaya tsakanin Jibiya da Maraɗi ko Illela da Konni, kana tari wata guda cur kana cewa ƙurar hanya ce.

Ba wauta ce ta hana ka zuwa asibiti ba, mun sani. Ranar da ba ka buɗe rumfa ba, babu kuɗin cefane. A majalisa kuma, duk wanda ya ce jikinsa ba daɗi sai abokai su yi masa ca da zolaya, wai ya zama rago, ko kuwa ya koma bin layi tare da masu goyo. Don haka sai ka tsayar da mai tallar magani a kasuwa, ka haɗiyi ƙwaya biyu, ka koma kan ciniki. Su ma mata suna da hannu a ciki: sau nawa uwargida ta yi alfahari da cewa mijinta bai taɓa taka asibiti ba?

To, tarin fuka bai san jarumta ba. A duniya baki ɗaya ya fi kama maza manya fiye da mata. Ta iska yake yaɗuwa, kuma wanda ya fi shaƙarsa shi ne mai kwana ɗaki ɗaya da kai: matarka da ƙananan yaranka, waɗanda jikinsu bai yi ƙwarin da zai yaƙe shi ba. Dauriyar da ake yabonka a kanta, su ne ke biyan kuɗinta.

In tari ya kai mako 2, musamman in yana tare da gumin dare, zazzaɓi, rama ko jini a cikin kaki, je a gwada kakinka. Maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, a Najeriya da Nijar. Yawanci wata 6 ake shan sa, kuma cikin ’yan makonni da farawa haɗarin sa wa iyali yana raguwa sosai. Kawo yaran gida ma a duba su.

A wata na biyu ne girman kai ke dawowa. Ƙarfi ya komo, tari ya lafa, sai ka ce ai ka warke. Wanda ya yanke magani a nan, cutar na iya dawo masa da taurin da maganin farko ba zai ƙara yi mata komai ba. In tafiya ta kama ka zuwa tsallaken iyaka, sanar da ma’aikacin lafiyarka tun kafin ka tashi, ka karɓi abin da zai ishe ka, katinka kuma yana aljihu.